Wurno, Rabah da Goronyo: Yini Ɗaya Ko Kwana Uku?

Yau ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye labarin so da kishi a gefe. Wata gardama ce na kawo muku wadda ta daɗe tana ci a gidanmu, har ta lafa, sai ga shi kwanan nan waya guda ɗaya ta sake hura ta.

Ƙanwata ce da aure ya kai ta Amurka ta kira ni da tsakar dare, don ita har gobe ba ta lissafin bambancin lokaci. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ki raba mu gardama ni da Baban yara." Wai za su kai yaransu hutu wani shahararren wurin wasa da ake kira Disney World, a jihar Fulorida. Ni a zatona fili ɗaya ne mai lilo da jirgin yara, irin wanda muke kai namu ranar Sallah. Ashe gari ne guda. Manyan filayen wasa har 4 ne a cikinsa, kowanne da ƙofarsa: Magic Kingdom da aka buɗe tun 1971, sai Epcot a 1982, sai na harkar finafinai a 1989, sai na namun daji, Animal Kingdom, a 1998. Daga wani zuwa wani sai an hau mota ko jirgin ruwa ko wani ɗan jirgi mai bin sama. Tikitin kuma iri biyu ne. Akwai wanda in ka shiga fili ɗaya to shi ke nan, a nan za ka yini. Akwai kuma wanda ake ƙara wa kuɗi, suna ce masa Park Hopper, ni dai na raɗa masa tikitin tsallen kwaɗo: ka leƙa nan da safe, ka ci abincin rana a can, ka kalli wasan wuta da dare a wani. Kwana biyu kacal mijin ya samu a wurin aiki, shi ya sa ya dage sai na tsallen kwaɗo, a gama da huɗun gaba ɗaya. Ita kuma tana ganin a ɗauki biyu a bar biyu.

Na ce mata, "Ke yanzu ni da iyakacina Jidda da Madina za ki tambaya zancen Amurka?" Amma ina faɗa ina dariya, domin wannan gardamar tamu ce ni da maigidana, sunayen wurare kawai aka sauya. Mu tamu a kan garuruwa uku ne na gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo. Kuma tunda na gwada hanyoyin biyu da ƙafata, bari in faɗi matsayina tun yanzu, kada in yi ta jan ku kamar yadda muke yi a littafi mai kashi 1 zuwa 4. Ni dai wuri ɗaya a rana nake goyon baya. In yini ɗaya gare ka, zaɓi ɗaya ka haƙura da sauran.

Maigidana ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari ya tashi, kuma mutum ne da ba ya ganin an yi tafiya sai an gama da komai. 'Yan shekaru bayan babbar ambaliyar 2010, a hutun makaranta na watan Afrilu, ya ce mu shirya za mu Sakkwato ziyara, da ni da yara uku da mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta daɗe tana roƙon a kai ta Hubbaren Shehu. Muka sauka a gidan wani abokin cinikinsa. Da dare bayan an ci tuwo, ya zauna da direban da aka yi mana shatarsa, suka tsara tafiyar gobe kamar masu rabon kaya a kasuwannin ƙauye: Hubbare da sassafe, daga nan Rabah a ga mahaifar Sardauna, a dawo a kama hanyar Wurno a yi azahar a can, a ƙarasa Goronyo yara su ga ruwa, a dawo birni kafin magariba. Jibi da asuba sai Kano. Mai masaukinmu ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, wagga tahiya ba ta yi yawa ba?" Maigida ya ce ai duk yanki ɗaya ne. A baki kam haka ne, ba wanda ya yi nisan a zo a gani da birnin Sakkwato a cikinsu.

Hubbare mun yi shi cikin daɗin rai, gari da sauran sanyi. Daga nan ne gudu ya fara. Mun isa Rabah da hantsi, muka jeru a ƙofar gida aka ɗauke mu hoto. Wani dattijo ya taso daga inuwa, ya yi mana maraba, ya fara yi wa yara bayanin wanda aka haifa a garin, har ya ɗaga hannu zai nuna mana wani abu, sai direba ya danna hon. Wallahi har yau ina ganin hannun tsohon nan a sama, bakinsa a buɗe, mu kuwa muna rige-rigen shiga mota kamar waɗanda suka ci bashi. Wurno muka iske rana ta take tsaka. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san zafin yakan haura maki 40, ga shi dole a cire takalmi, ƙasa kamar garwashi. Autata ta ɓare baki da kuka. Muka yi salla, Hajiya ta yi addu'o'inta, aka ce a taho, abinci sai a gaba. Kafin mu kai Goronyo duk yaran sun yi barci. Aka tashe su su ga ruwa. Babban ɗana ya leƙo ta taga ya ce, "Na gani," ya mai da kai. Sai bayan isha'i muka shigo birni, kowa na fushi da kowa, maigida kaɗai ke murna yana cewa, "To Malama marubuciya, ba ga shi mun gama ba?"

Mun gama ɗin. Sai da aka koma makaranta na ga abin da muka gama. An ce yara su rubuta yadda suka yi hutu, ɗana ya rubuta, da kyakkyawan rubutunsa, cewa mun je Wurno mun ziyarci kabarin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya gina madatsar ruwa ta Goronyo. Malaminsu ya zagaye jimlar da jan biro tun daga farko har ƙarshe. Ban ga laifin yaron ba. An ambata masa Bello da safe, an ambata masa Bello da rana, an nuna masa ruwa da yamma yana magagin barci, shi kuwa ya dama su wuri ɗaya kamar fura. Alhali wanda ke kwance a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda ya rasu a 1837. Sardauna kuwa a Kaduna aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, a can kuma kabarinsa yake. Shekara 129 ke tsakanin rasuwarsu. Madatsar ma sai a 1984 aka kammala ta, Sardauna na da shekara 18 a ƙasa.

Na yi wa yaro dariya, ashe tawa na nan tafe. A shekarar nake rubuta wani littafi da jarumarsa aka kai ta riƙo wurin kakarta. Na ce ai na je Wurno, bari in kai ta can. Na rubuta ta tana zaune a ƙofar gida da yamma tana kallon ruwan madatsa yana walƙiya, na kuma sa kakar tana zuba Kananci tsantsa, har da su "wallahi kuwa" da "kin gane ko". Littafi ya fita, ya shiga kasuwa. Bayan 'yan watanni wata ɗaliba 'yar garin ta aiko mini da saƙo cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ta ce Anti, daga Wurno ko bisa bishiya kika hau ba ki hango madatsar Goronyo, ruwan da kike nufi gulbi ne da fadama, kuma a duk garinmu babu tsohuwar da ke magana haka. Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Mu marubuta mun iya wannan ɗanyen aikin, mu kai jarumi Landan ko Dubai alhali ko filin jirgi ba mu taɓa shiga ba, mai karatu ya haƙura don shi ma bai je ba. To Wurno ba Landan ba ce, mutanenta na karanta mu. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, ni kuwa Bakanuwa ce, ya kamata a ce na fi kowa sanin haka.

Wannan kunyar ce ta mai da ni. Na tara kuɗin littafin da ya ba ni kunya, a hutun Disamba na ɗauki babban ɗana da wata 'yar ɗakina muka koma gidan mai masaukinmu na farko. Na ce wa matarsa kwana uku zan yi, kowace rana gari ɗaya, mu fita da hantsi mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ta ce, "Yanzu kika zo Sakkwato."

Ranar farko Wurno. Abin da na fara lura da shi, wanda a zuwan farko ban gani ba sam saboda idona na kan agogo, shi ne garin a bisa tudu yake, yana kallon kwarin gulbin Rima. Kana tsaye a sama, fadama na shimfiɗe a ƙasa kore shar, albasa da tafarnuwa da shinkafa, iyakar ganinka. Da ka ga wannan tudun ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka san dalilin da ya sa Muhammadu Bello ya zaɓi wurin. Ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka. Duk da an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, tun 1808, Gobirawa ba su ajiye makami ba, kuma ta wannan kwarin hari ke zuwa. Shi ya sa Bello, wanda ya gaji mahaifinsa a 1817, ya bar jin daɗin birnin Sakkwato da shi da kansa ya kafa a 1809, ya tare a bakin daga. A 1836 ya ci babban yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, shekara ta zagayo ya rasu a Wurno. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a nan ya fi zama. Ashe garin da muka ba wa minti arba'in a zuwan farko, ya daɗe yana matsayin fadar daula.

Muka shiga hubbaren a natse, muka yi sallama da addu'a, muka fito muka sami inuwa muka zauna. Zaman nan shi ne ribar tafiyar. Wasu tsofaffin mata ne suka zo ziyara a ƙungiya daga wani ƙauye, suka baje tabarma kusa da mu, suka kwance ƙullin ƙanzo da gyaɗa. Babbarsu ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, daga ina?" Na ce daga Kano. Ta ce, "Awo, ku ne masu zuwa kamar an aiko ku ɗibar wuta." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ta faɗi gaskiya. Daga bakinsu na fara jin labarin 'Yan Taru a matsayin abu mai rai. Da a takarda kawai na san shi: cewa Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo, ta naɗa jajis, mata masu ilimi da ake ɗora wa malfa, suna zaga ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Fulatanci da Hausa, suna kuma jagorantar su zuwa wurinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ga ni zaune da matan da kakanninsu suka bi wannan sawun, suna ba ni ƙanzo. Na yi ta sauraron yadda harshensu ke juya magana, wanga da wagga, shina da tana, lahiya da tahiya, ina rubutawa a bayan ambulan don littafin rubutuna ya cika. Da a ce na yi wannan zaman tun farko, da kakar jarumata ba ta yi Kananci ba.

Af, har Bature ma ya fi mu haƙuri a wannan garin. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba. Makonni ya yi a cikinta, yana zama da malamai yana karanta littattafan da shugabannin jihadi suka rubuta. Shi ya sa har yau masu tarihi ke komawa ga abin da ya rubuta. Da tsallen kwaɗo ya yi irin namu, da shi ma malami ya zagaye masa jimla da jan biro.

Da azahar muka ci tuwon shinkafa a wani gida da aka ja mu ciki ba tare da an san mu ba, na sayi tafarnuwa ƙulli biyu da sai da ta shekara ina girki da ita, muka kamo hanya rana na da sauran tsawo.

Washegari Rabah. Ba zan cika ku da surutu a kanta ba, ƙaramin gari ne a bakin gulbin Sakkwato, kuma mai neman gine-ginen kallo zai ce ba komai. Amma da yake jiya ɗana ya yini da Bello na farko, ya kwana da shi a ka, yau da aka ambaci na biyu bai ruɗe ba. A ƙasa ya zana silsilar da tsinke: Shehu ya haifi Muhammadu Bello, Bello ya haifi Abubakar Atiku na Rabah wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, Atiku ya haifi Ibrahim Sarkin Rabah, Ibrahim ya haifi Ahmadu. Wato Sardauna tattaɓa-kunnen mai Wurno ne. Daga wannan garin ya tafi makaranta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina, ya yi koyarwa, a 1934 aka dawo da shi hakimin Rabah, a 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna, har ya zama Firimiyan Arewa a 1954. Na nemi dattijon nan mai hannu a sama don in ba shi haƙuri. Ban same shi ba, ban kuma san sunan da zan tambaya ba.

Rana ta uku Goronyo, kuma a nan ne yaron da ya ce "na gani" ta taga ya ƙi yarda mu tafi. Madatsar ba ƙaramin aiki ba ce. Bangon ƙasa ne da tsawonsa ya haura kilomita 12, tsayinsa kusan mita 21, an tare gulbin Rima da shi, kuma an gina ta don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kamar yadda injiniyoyi ke aunawa. Daga nan ake sako ruwan da manoman rani ke ban-ruwa da shi, da wanda birnin Sakkwato ke dogaro da shi in rani ya tsananta. Muka zauna wurin masunta suna gyaran koma, muka ci soyayyen kifi da yaji, ɗana ya shiga kwalekwale a gefen ruwa zuciyata na dukan uku-uku. Da hira ta yi hira sai suka shiga ba mu labarin Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar ya kwararo kwarin Rima, ya ci ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a can birni. Wani ya nuna mini inda gonar gero ta mahaifinsa take a da. Irin wannan maganar ba a yi wa wanda injin motarsa ke kunne. Kuma a 2018, da na ji a rediyo hukumar kogunan Sakkwato da Rima na cewa ruwan madatsar ya janye har saura kusan kashi 10 cikin 100, fuskokin mutanen nan ne suka faɗo mini a rai, na kasa cin abinci.

To, na san abin da masu ra'ayin maigidana za su ce, kuma ba shirme suke faɗa ba. Na farko kuɗi. Kwana uku na nufin shatar mota sau uku, ci da sha sau uku, nauyi a kan mai masauki sau uku, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Na yarda. Amma ni ban ce dole sai ka yi kwana uku ba. Cewa na yi in kuɗin yini ɗaya gare ka, kashe shi a gari ɗaya. Man da za ka ƙona kana zagaya uku ya fi na zuwa ɗaya, ga shi rabin yinin a cikin mota zai ƙare. Mu da muka yi ukun a yini ɗaya, me muka sayo da kuɗinmu? Hotuna goma sha, da jimla ɗaya mai jan biro, da littafi mai kuskure. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Ko a Kano ai haka al'ada ta tsara. Hawan Sallah da ranarsa, Hawan Daushe da tasa, Hawan Nassarawa da tasa, sannan Ɗorayi ko Fanisau. Dawakin nan dai su ne, mahayan su ne, da an so da an haɗa su a yini guda an huta. Waɗanda suka tsara abin sun san ido ma yana ƙoshi kamar ciki, in ya ƙoshi kuwa duk abin da ka ƙara masa zubarwa yake.

Inda zan sassauta shi ne a kan mutum iri biyu. Akwai wanda ya riga ya san wuraren, ya koma ne don abu guda a kowanne, ya gai da wane a nan, ya sayi tafarnuwa a can. Wannan ya yi tsallensa, ba abin da zai rasa. Ƙanwata ma ta ce a can Amurka waɗanda suka saba zuwa ne suka fi cin moriyar tikitin mai tsada. Sai kuma mai ziyara tsantsa, wanda abin da ya kai shi sallama ce da addu'a. Duk wanda ya je Madina ya san yadda ake loda alhazai a mota da safe a kai su Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini, kafin azahar an dawo, kuma ba wanda ya ce ziyararsa ba ta yi ba. Hajiya irin wannan ce. A ranar da duk muka dawo muna huci, ita kaɗai ta kwanta da murmushi. Amma mai yara, da mai son ya san wuri, da marubuci irina, wannan rangwamen ba nasu ba ne.

Saura magana mai nauyi, wadda ba zan tsallake ta ba don kada wani ya karanta wannan ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya. Duk tafiyoyin nan biyu mun yi su ne kafin al'amarin tsaro ya lalace a yankin. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tun daga lokacin ban koma ba. Wasu na cewa ai wannan hujja ce ta a haɗa komai a yini ɗaya, a shiga a fita sau guda. Ni akasin haka nake gani. Mai zagaya gari uku shi ne ke ratse babbar hanya, shi ne lissafinsa ke kwacewa, shi ne magariba ke riska a daji, kamar yadda ta riske mu a lokacin da ba a tsoron komai sai ramin titi. Mai gari ɗaya yana fita rana ta ɗaga, ya dawo rana na sama. Kuma kafin komai, a tambayi mutanen wurin a ranar da za a tafi, ba a makon jiya ba. In suka ce a dakata, a dakata, Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu suna nan cikin birni, sun isa su cika wa mutum yini biyu.

Da na gama waya da ƙanwata na ba maigida labari da safe yana shan koko. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ajiye ludayi ya ce, "Har yanzu kina ganin na yi kuskure ko?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To da na bi taki, muka ce Rabah da Goronyo sai wani zuwan, wane zuwan? Hajiya ta sake taka ƙasar Sakkwato?" Ba ta sake ba, Allah Ya yi mata rasuwa shekara biyu bayan tafiyar. Na ce ai da Wurno kaɗai muka je ranar, da ta zauna da tsofaffin matan nan ta ji waƙoƙin Nana Asma'u daga bakinsu, da ta fi jin daɗi. Ya ce, "Ke kika san wannan. Ni abin da na sani, har ta bar duniya tana gaya wa ƙawayenta ta ga ƙofar gidan su Sardauna da idonta."

Na ɗauke kwanon kokon na kai madafi. Da rana na tura wa ƙanwata saƙo na ce su sayi tikitin fili ɗaya, yaransu ƙanana ne. Ta amso da cewa Baban yara ya riga ya biya na tsallen kwaɗo tun daren jiya.